BABI NA UKU: MALLAKAR ITACE A ƘASAR MARAƊI DA DAMAGARAM, 1851 ZUWA 2020

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin bukatu uku da masana harkar daji suke ƙoƙarin daidaitawa, wato ajiyar kabon a jikin itatuwa domin rage ɗumamar duniya, da amfanin da jama'a suke samu na kuɗi da abinci da makamashi, da kuma kiyaye ire-iren tsirrai da dabbobi don kada su ƙare. A wannan babi za a ɗauki yanki guda a bi diddigin tarihinsa, domin a ga yadda waɗannan bukatu suka yi ta karo da juna a aikace. Yankin da aka zaɓa shi ne kudancin Jamhuriyar Nijar, daga ƙasar Maraɗi zuwa ta Damagaram, wanda ya yi iyaka da jihohin Katsina da Jigawa da Zamfara.

Ya kamata a fahimci cewa dajin da ake magana a kansa a nan ba irin ƙungurmin dajin kurmi ba ne. Mafi yawansa itatuwa ne da suke tsaye jefi-jefi a cikin gonakin gero da dawa da wake. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a tsawon shekaru fiye da 150, yawan waɗannan itatuwa ko ƙarancinsu ya rataya ne a kan amsar tambaya guda: wane ne mai itacen?

3.1 Kafin Zuwan Turawa

A watan Janairu na shekarar 1851, Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya taso daga Tasawa ya bi ta Gazawa ya nufi Katsina. Tsakanin Gazawa da Katsina ya ratsa daji mai duhu wanda ayari ba ya shigarsa sai da shiri, har ya wuce ta kufan Ɗankama. Yaƙi ne ya raini wannan daji. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a wajen 1807, sarakunan Haɓe sun koma arewa suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, aka shiga kai wa juna hari na shekaru masu yawa. Talakawa suka taru a cikin garuruwa masu ganuwa da kuma kwarin Gulbin Maraɗi, aka bar tudu ga namun daji da mahara. Saboda haka yawan itacen da Barth ya gani ba ya nuna cewa mutanen wancan zamani sun fi na yanzu tattali. Tsoro ne ya hana gatari shiga.

A cikin gonaki kuwa akwai ƙa'idoji sanannu. Wanda ya fara sare daji ya yi gona shi ne mai ita, kuma wannan al'ada ta dace da hukuncin raya mataccen wuri da ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya. Idan manomi yana sassabe yakan bar itatuwan da ya san amfaninsu, kamar kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da gawo. Wasu kuma ana barin su ne don tsoron iskokin da ake jin suna zaune a cikinsu, musamman tsamiya da kuka, abin da ya fi ƙarfi a wurin Arna. Wanda aka ba aron gona ko jingina ba a yarda ya dasa itace a ciki ba, domin dashe alama ce ta mallaka.

Gawo yana da matsayi na dabam, kuma dole a tsaya a kansa tun da shi ne ginshiƙin abin da zai biyo baya. Shi gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Don haka ba ya yi wa shuka inuwa lokacin da take bukatar rana. Ganyen da ya zuba yana zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da tsiro yake bukata, dabbobi kuma suna taruwa a gindinsa da rani don inuwa da 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, har da hukuncin kisa. Wannan ruwaya tana nuna cewa tun kafin Turawa hukuma tana sa baki a kan itacen gona. Bambancin shi ne, dokar Tanimu ta hana sara ne kawai, amfanin gawon yana nan a hannun mai gona.

3.2 Dokar Faransa da Tsoron Hamada

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, kuma zuwa 1922 an ayyana Nijar a matsayin ƙasar mulkin mallaka. Da hare-hare suka ƙare sai jama'a suka fantsama tudu suna kafa ƙauyuka. Harajin da ake biya da kuɗi ya tilasta noman gyaɗa, wadda ake kaiwa Kano a ɗora wa jirgin ƙasa. Gonaki suka yi ta faɗaɗa, lokacin da ake barin gona ta huta ya yi ta raguwa.

A daidai wannan lokaci wani farfesan ilmin daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya ziyarci kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1934. A 1935 ya wallafa maƙala yana gargaɗin cewa Sahara tana gurgusowa kudu da kimanin kilomita guda kowace shekara, kuma ya ɗora laifin a kan manoma da makiyaya. Maganarsa ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin guiwa wanda ya zagaya kan iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa rairayin Sahara yana tafiya kudu ba, ko da yake ya ga wuraren da sara da noma suka lalata. Abin mamaki shi ne rahoton kwamitin ya kwanta a ofis, maganar Stebbing kuwa ta ci gaba da yawo. Ɗaya daga cikin wakilan Faransa a kwamitin, André Aubréville, shi ne ya yayata kalmar da ake fassarawa da kwararowar hamada a littafinsa na 1949.

Tun kafin kwamitin ya fita, Faransa ta riga ta kafa dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 a kan dukkan ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Dokar ta ɗauki duk ƙasar da ta kira wofi marar mai ita ta mayar ta gwamnati. Ta raba daji gida biyu: gandun daji wanda aka shata aka hana noma a ciki, da sauran daji wanda aka ce yana ƙarƙashin kariya. Haka kuma ta keɓe wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da takarda, ko da a gonar mutum suke. Ma'aikatan da aka ɗora wa aikin suna sanye da kaki kamar soja, kuma aikinsu ya fi karkata ga kamu da tara.

Samun 'yancin kai a 1960 bai sauya wannan tsari ba. Dokar daji ta 4 ga Maris 1974, wadda aka sa wa hannu makonni shida kafin sojoji su kifar da gwamnatin Diori Hamani, ta jero itatuwa iri 15 da aka haramta sara ko sassake su ba da izini ba. A cikinsu akwai gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da giginya da goriba da aduwa da bagaruwa da maɗaci. Wato kusan duk itacen da Bahaushe yake mora ya zama na gwamnati.

Sakamakon ya zo saɓanin niyya. Manomin da ya bar ɗan gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa ma'aikacin gandun daji, domin idan wani ya zo da dare ya sare reshe, shi mai gona za a ci tara. Ba ya iya hana maƙwabci sara tun da itacen ba nasa ba ne, shi ma kuma ba ya iya sara. Dabarar da ta rage masa ita ce ya kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya kai girman da doka za ta gan shi. A gefe guda kuma malaman gona suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, suna yaɗa garmar shanu wadda ba ta son kututture. Hukuma ɗaya tana cin tarar mai sara, wata hukumar tana yaba wa mai tumɓukewa.

3.3 Shekarun Fari da Dashe

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa masu ɗimbin yawa, ya kuma durƙusar da noman gyaɗa. Gwamnatin Seyni Kunce da ƙungiyoyin agaji suka duƙufa a kan dashe. A 1975 aka haɗa bikin 'yancin kai na 3 ga Agusta da ranar dashen itace. Aka buɗe wuraren renon iri, aka kafa gandun ƙauye, akasari na dogon yaro da turare da wasu baƙin itatuwa. Wani bincike da Tougiani da Guero da Rinaudo suka wallafa a 2009 ya ambaci cewa an dasa itatuwa kimanin miliyan 60 a cikin shekaru 12, amma waɗanda suka rayu ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Dalilan a bayyane suke. Ana dashen ne da damina lokacin da manomi yake fama da noma, awaki suna cinye tsiron da rani, sannan babu wanda ya san ko wane ne zai ci amfanin gandun idan ya girma.

Aikin da ya fi yin suna a wannan zamani shi ne na kwarin Majiya a ƙasar Buza ta jihar Tawa, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. Layukan sun rayu, sun kai ɗaruruwan kilomita, sun kuma kare shuka. To amma da suka isa sara sai tambayar nan ta taso: na mai gonar da layin ya ratsa ne, ko na waɗanda suka yi dashen, ko na gwamnati? Sai da aka kafa ƙungiyoyin ƙauye aka yi yarjejeniyar rabo kafin a sa gatari.

3.4 Sassabin Zamani

Shekarar 1984 ta zo da fari mafi muni, ga kuma iyakar Nijeriya a rufe, shi ya sa mutanen Maraɗi suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta kira babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa, ko da yake har a lokacin dashe ne a bakin kowa.

Shekara guda kafin haka, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da wani abu. Ya shafe shekaru biyu yana rarraba irin dashe yana kallon yadda yake mutuwa. Wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya duba ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki, ya gane daga ganyensu cewa tohon itatuwan da aka sare ne. Kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa inda danshi yake, kowace shekara yana fitar da toho, kowace bazara kuma manomi yana sassabe shi ya ƙone.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta da wuya. Maimakon manomi ya share tohon duka, sai ya zaɓi guda ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi a kan kowane kututture, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa na waɗanda ya bari har zuwa wajen rabin tsawonsu. Da yake saiwar tsohuwa ce, tohon yakan yi saurin da dashe ba ya yi, kuma ba ya bukatar ban ruwa ko shinge. Gatari ko adda sun isa. Bayan shekara biyu ko uku manomi yana iya sare sanda guda kowace shekara ya bar sauran. Wannan shi ne abin da aka kira sassabin zamani.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, ana yi musu dariya, wasu ma ana sace musu sandunan da dare. Da yunwar 1984 ta zo sai mishan ta haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa kimanin 500,000. Da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan itatuwa aka sare su. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin yana nuna iyakar abin da biya yake iya yi: itacen da aka bari saboda buhun hatsi ya tafi tare da buhun. Kashi ɗayan da ya rage shi ne ya yi aiki, saboda masu shi sun ga iska ba ta binne musu shuka da rairayi ba, ba su yi ta maimaita shuka sau uku ko huɗu ba, kuma matansu sun sami itacen girki a kusa.

Akwai wani mataki da ba a cika ambata ba, alhali ya fi dabarar sassaben nauyi. Ma'aikatan aikin sun shawo kan hukumar gandun daji ta Maraɗi ta sassauta cin tara a kan manomin da ya sari abin da ya raina da hannunsa. Daga baya al'amuran siyasa suka ƙarasa sauran. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, Kunce ya rasu a 1987, aka yi taron ƙasa a 1991, gwamnati ta shiga halin rashin kuɗi har albashi yana gagara. Ma'aikatan gandun daji suka rage shiga ƙauye. Manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu tun doka ba ta faɗa ba. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace su riƙe wani kaso na haraji, tsarin dokokin karkara na 1993 ya amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, sannan dokar daji ta 2004 ta maye gurbin ta 1974. A wannan tarihi doka ce take bin manoma a baya.

Bai dace a jingina wannan sauyi ga mutum ɗaya ba, ko da yake Rinaudo ya cancanci lambar yabon da aka ba shi a Suwidin a 2018 tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. A ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, inda aikin mishan bai kai ba, binciken Larwanou da abokan aikinsa na 2006 ya sami kimanin hekta miliyan 1 cike da matasan gawo waɗanda manoma suka raina da kansu. Su sun san gawo tun zamanin Tanimu. Haka kuma ruwan sama ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990. Sai dai ruwa kaɗai bai isa bayani ba, domin hotunan sama da Gray Tappan ya kwatanta sun nuna wurare a kan iyaka inda ɓangaren Nijar ya fi na Nijeriya itace nesa ba kusa ba, alhali ruwansu ɗaya ne, ƙasarsu ɗaya, jama'arsu ɗaya. Wani abin kwatance kuma shi ne binciken Cline-Cole da Mortimore da abokansu na 1990 a kan itacen wuta a Kano, wanda ya gano cewa gonakin da ke kewaye da birnin, duk da cunkoson jama'a, ba su rasa itatuwansu ba, saboda kowane itace yana da mai shi.

A 2009 Reij da Tappan da Smale suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, wato kusan 40 a kowace hekta, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. Ƙiyasi ne, kuma akwai masanan da suke ganin an yi masa karimci, musamman ɓangaren hatsin. Duk da haka ya faru ne a yankin da ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi kaɗai mutum miliyan 3.4, kusan yawan mutanen Nijar gaba ɗaya a 1960. Hasashen Stebbing ya ce ƙaruwar mutane ita ce ƙarewar itace, a nan kuwa sun ƙaru tare.

3.5 Abin da ya Dawo da Abin da bai Dawo ba

Ta fuskar tattalin arziki amfanin a fili yake. Ana sayar da itacen wuta da sandunan rufi da 'ya'yan gawo don dabbobi da ganyen kuka, wanda a ƙasar Mirya sana'a ce babba ta mata. A ƙauyen Ɗan Saga da ke arewacin Agiye, jama'a sun kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa da mata da Fulani makiyaya, suka tsara tararsu, suka buɗe kasuwar itace. A yunwar 2005 an lura cewa gidajen da suke da itacen sayarwa sun fi jurewa, domin sun sami abin sayen hatsi ba tare da sun sayar da gona ko dabba ba.

Ta fuskar ire-iren halittu kuwa labarin bai kai haka daɗi ba. Sassabin zamani yana tayar da abin da yake da kututture mai rai ne, ko wanda dabbobi suke yaɗa irinsa a kashinsu. Saboda haka abin da ya cika gonaki shi ne sabara da kalgo da taramniya da geza a Maraɗi, da gawo a Damagaram, sai aduwa da magarya nan da can. Itatuwa masu jinkirin girma irin su ƙirya, wadda maƙera suke so don gawayi masassaƙa kuma don turmi, da ɗorawa da maɗaci da ɗinya da marke, ba su dawo yadda suke ba. Manomi kuma yana zaɓen abin da zai amfane shi ne, ba ya rainon itace don kawai irinsa ya kusa ɓacewa. Gona mai gawo 40 ta fi gona fes ta kowace fuska, amma ba ta maye gurbin daji. Manyan namun daji suna bukatar sarari marar gona, irin dajin Baban Rafi na ƙasar Madarumfa, inda har cikin shekarun 1990 ake ganin garken giwaye. Wannan daji ya sha matsi daga gonaki da masu kai itace birnin Maraɗi, kuma daga wajen 2018 'yan bindiga suka riƙa fakewa a dazuzzukan kan iyakar, kusan yadda Barth ya tarar.

Akwai kuma waɗanda mallakar ta cutar. A da, tohon sabara da kalgo na kowa ne bayan an kawar da amfanin gona: matar da ba ta da gona tana yin itace, makiyayi yana sassako wa dabbobinsa ganye. Da itace ya zama na mai gona sai wannan ƙofa ta ƙuntata. A yankin da gonaki suka riga suka cinye burtali da makiyaya, kuma aka taɓa yin kisan Toda na Oktoba 1991 wanda ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasari mata da yara, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Shi ya sa shigar da makiyaya cikin kwamitin Ɗan Saga ta fi kasuwar itacen muhimmanci.

3.6 Shigowar Kabon

Babu manomin da ya bar toho a 1984 don kabon. Maganar ta shigo ne bayan yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, wadda ta ba ƙasashe masu masana'antu damar biyan kuɗi don a ajiye kabon a wata ƙasa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Binciken Tucker da abokansa na 2023, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya ƙirga itatuwa biliyan 9.9 a busassun yankunan Afirka tsakanin Sahara da kurmi, ɗauke da kabon kimanin tan miliyan 840, wato wajen kilo 85 ga kowane itace. A hekta guda abin kaɗan ne idan aka gwada da kurmi, faɗin ƙasar ne yake tara shi.

Sai dai ƙa'idojin kasuwar ba su dace da gonar Bahaushe ba. Na farko, ana biya ne a kan abin da ba zai samu ba in ba don kuɗin ba, don haka manoman da suka raini itatuwa miliyan 200 da kansu sun makara. Na biyu, sai fili ya cika ma'aunin daji na faɗin inuwa da tsawon itace, gona mai itace jefi-jefi kuwa sau da yawa ba ta kaiwa. Na uku, awo da tantancewa a dubban ƙananan gonaki suna cin kuɗi mai yawa. Wannan ne ya sa aka fara sayar da kabon sassabin zamani a Humbo ta ƙasar Habasha, inda aka killace tsauni guda mai hekta 2,728 aka yi masa rajista a 2009. A Nijar kuwa aikin kabon da Bankin Duniya ya tallafa daga tsakiyar shekarun 2000 ya koma ga dashen dakwara iri ɗaya a filayen ƙauye, kuma sai da jama'a suka jira fiye da shekaru 10 kafin kuɗin farko ya iso.

A nan ne bukatun uku suke rabuwa. Mai sayen kabon yana son itace ya tsaya ya yi kauri. Manomi yana son ya sassake, ya sare sanda idan gero ya ƙare a rumbu, kuma wannan 'yancin sara shi ne dalilin da ya sa ya bar itacen tun farko. Mai kula da ire-iren halittu yana son ƙirya da maɗaci, waɗanda ba su da saurin tara kabon kuma ba su da saurin kawo kuɗi. Duk yarjejeniyar da za ta biya manomi don ya daina sara tana da kama da dokar 1935 ta wani gefe, wato wani na nesa ya sake samun iko a kan itacen gona, tana kuma da kama da rabon abincin 1984 ta ɗaya gefen.

A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani, wadda ta amince cewa manomi yana da haƙƙin cin moriyar itacen da ya raina a gonarsa, shekaru 85 bayan dokar Faransa. Dokar ta warware tsakanin manomi da ma'aikacin gandun daji. Yarjejeniyar kabon ta tsarin Kiyoto kuwa takan ɗauki shekaru 20 ko 30, kuma a cikin wannan tsawon lokaci gona guda a ƙasar Maraɗi tana iya shiga rabon gado, a ba da wani yanki aro, a jinginar da wani, ta koma hannun mutum biyar ko shida waɗanda ba su sa hannu a takardar ba.